Fitilar Yaya da Kwamfutar da Ba Ta Son Sanyi

Mijin yayata, Liao Chun-sheng, bai iya gajeriyar amsa ba. In ka gamu da shi a layinmu na unguwar Sanchong ka ce, "Malam Liao, an ci abinci?" to kai ka jawo wa kanka. Zai ce ya ci, amma shinkafar ta ɗan yi ruwa, kuma ba laifin shinkafar ba ne, wutar unguwarmu ce ke raguwa da tsakar rana, ga kuma dalili. Kafin ya kai ƙarshen dalilin, kai da ka yi tambayar yunwa ta sake kama ka. Ni ƙanwar matarsa ce, sunana Su-chiao, ina da shagon karin kumallo daura da haikalin Kaka Mazu, abar bautar unguwarmu, kuma tun ina budurwa nake shan wannan karatu ba tare da na yi rajista ba.

Ƙuruciyarsa duka ya ƙarar da ita a wani kamfani da ke hayin kogi, inda ake ƙera allon cikin kwamfuta, wanda ake dasa sauran kayan a kansa. Shi aikinsa bayos ne, wato 'yar manhajar da ke zaune a jikin allon, wadda in ka danna maɓalli ita ce ke fara farkawa ta bi ta tashi kowa. Yaya Su-luan ta aure shi saboda mahaifiyarmu ta ce injiniya ba ya kwana da yunwa. Ba ta yi ƙarya ba. Abin da ba ta faɗa ba shi ne, wanda ke zaune da injiniya ba ya cin abinci da zafinsa.

Akwai wani allo guda da ya zama sanadin komai. Na san ciwonsa kamar ni na haife shi, domin an yi mana bayaninsa da kwanukan miya a kowace liyafar sabuwar shekara. Wannan kwano shi ne bayos. Wancan shi ne mai rabon wuta. Babban kwanon kifi shi ne furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar, wadda ba ta motsi sai an gaya mata yawan wutar da za ta ci. Da an kunna, bayos zai tambayi mai rabon wuta, "Nawa za a ba ta?" In allon da ɗuminsa, nan take zai amsa. In kuwa ya kwana a kashe ya yi sanyi, mai rabon wuta yakan yi nauyin tashi, shi kuma bayos ba ya jira. Da ya ji shiru sai ya juya ya ce wa furosesa babu wuta yau. Ita kuma sai ta naɗe hannu ta zauna. Fanka na juyawa, fuskar kwamfuta baƙi ƙirin, shi ke nan.

"To maganin fa?" Haka wani baƙo da bai san dawan garin ba yakan tambaya, mu kuma mu harare shi.

"A koya masa ya jira," in ji Liao. "Ya ɗan dakata, ya sake tambaya. Amma bari in fara miki daga farko."

Kamfanin kuwa ya riga ya buga talla cewa allonsu yana tashi kafin ƙiftawar ido. Manajansa ya kira shi ya ce, "Liao, wa ke barin kwamfuta ta yi sanyi a ƙasar nan? Ka ce lafiyarsa ƙalau mu wuce wurin." Liao ya ce ba lafiyarsa ƙalau ba, ya kuma tashi ya je gaban allon bango ya zana dalili har lokacin tashi ya wuce. Aka janye allon daga kasuwa. Shi kuma aka yi masa babbar karramawa, aka mai da shi wani ɗaki mara taga inda yake amsa koke-koken masu saye, ya zauna nan har ya yi ritaya.

Kada ku ɗauka jarumta ce. Mutumin bai iya ƙarya ba ne kawai, kamar yadda wasu ba su iya ninƙaya ba. Ranar da na buɗe shagona, ga furannin taya murna jere a ƙofa, ga baƙi, ya kurɓi madarar waken suyata ya ce, "Su-chiao, kin ƙara ruwa." Na ƙara ɗin, amma wa ya tambaye shi? Da likita ya tambaye shi ko matarsa na shan maganinta, tana zaune a gefensa, ya ce tana zuba rabi a tukunyar fure.

A haikalinmu akwai hasumiyoyin fitilu guda biyu a gefen Kaka, kowace cike da 'yan ramuka, kowane rami da ƙaramar fitila da sunan mutum. Farkon shekara ka je a sa sunanka, fitilarka ta yi ta ci har shekara ta zagayo, hanyarka ta yi haske. Yaya ba ta taɓa fashi ba. Liao kuwa cewa yake, "Ƙwan lantarki ne. Ba Kaka ke kunna su ba, kamfanin wuta ne." Yaya takan ce, "Ci abincinka."

Da can, makunni ɗaya ne a bango yake wannan aiki, kuma ban taɓa jin ya yi wa kowa laifi ba. Sai Liao ya je ya shawo kan kwamitin haikali cewa zamani ya wuce nan, ana bukatar kwamfutar da za ta lura da kowace fitila, in ɗaya ta ƙone ta faɗa. Ya ce zai bayar kyauta. Shugaban kwamiti, Malam Ko, mai shagon tayil, yana jin kalmar kyauta ya ce Kaka ta amince. Wane allo kuke tsammani mijin yayata ya ɗauko daga ƙarƙashin gadonsu? Ranar da zai kunna ta sai da ya ari dirayar gashin Yaya ya hura wa allon iska mai zafi kafin ta tashi. Ya cire tsohon makunnin, ya shafe gurbinsa da siminti, don kada wani jahili ya taɓa.

Tun daga ranar kwamfutar ba ta mutu ba, saboda ba a isa a bari ta mutu ba. Ya haɗa mata batir. In aka ce guguwar teku na tafe, mutane na sayen taliya da kyandir, shi yana gidan mai gasa naman kasuwar dare yana roƙon aron janareta. Na sha hango shi daga bayan ƙofar shagona, iska na kwasar allunan talla, shi yana tura janareta a amalanke, rigar ruwansa ta rufe masa fuska. Mutumin da ya ce ƙwan lantarki ne kawai.

Na taɓa ce masa, "Mijin Yaya, kai da ka san maganin, me ya hana ka ba ta?"

"Sai an kashe ta za a yi mata filashin, wato a sake rubuta mata bayos. In an kashe ta, fitilu sun mutu. In kuma aikin ya karkace a tsakiya, allon ya tafi ke nan, kuma babu irinsa a duniya, domin..."

"Domin babu wanda ya yarda ya saya."

Yaya ta ɗago daga wanke-wanke ta ce, "Ku bar ta yadda take. Fitilata dai kada ta mutu."

Shekarar da Liao ya cika sittin da wani abu, zuciyar Yaya ta fara ba ta wahala. Tun tana ɓoyewa har hawa bene ya gagare ta. Likitoci suka ce sai an buɗe ƙirji, suka sa rana, ranar ta faɗo daidai da bikin tsakiyar hunturu. Ana gobe za a shiga da ita na je asibiti da miyar kifi. Ta rame, ta zama 'yar mitsitsiya a cikin rigar asibiti, ni kuma tsoro ya cika ni har na kasa yi mata tsiya. Liao na tsaye yana yi mata bayanin na'urar da za ta riƙe mata numfashi. Ta kama hannun rigarsa.

"Tsoho, yi shiru ka ji. Gobe kada ka bari fitilata ta mutu."

"Su-luan, batir ɗin sabo ne, kuma ko da a ce..."

"Ban tambaye ka batir ba. Ka yi alkawari?"

Ya ce ya yi.

Washegari aka tashi da sanyi da yayyafi. A wannan biki matan haikali kan dafa 'yan dunƙulen garin shinkafa, ja da fari, a ruwan zaƙi, a ba Kaka nata a raba wa unguwa. Shugabarsu Gwaggo Pan ce, tsohuwar da kunnenta ya yi nauyi amma hannunta bai yi ba. Ta zo da sassafe da ƙatuwar tukunyar lantarki, ta duba soket duk a cike. Ta leƙa bayan kabad ta ga wata waya da ƙura ta lulluɓe, da 'yar takarda manne a jiki da rubutun Liao, dogon rubutu ƙanana-ƙanana har layi nawa. Da ya rubuta "kada a cire" kawai, da ta karanta. Ta zare wayar ta soka tata.

Batir ɗin ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya yi ta kuka, amma rediyon addu'o'i na kunne, mata na hira, tukunya na tafasa. Ina cikin juya wainar ƙwai, ina sauri in rufe in tafi asibiti, sai na ji salati irin namu ya tashi daga haikali. Na leƙa. Hasumiyoyin nan biyu da ban taɓa gani a duhu ba sun zama kamar itacen da gobara ta ci.

Na kira Liao a waya. Ya ce an shiga da ita ɗazu, 'yarsu na zaune a bakin ƙofa. Na gaya masa. Na jira bayani, ban ji ba, sai ƙarar takalminsa a kan bene.

Kafin babur ɗinsa ya iso, masana sun hallara. An mayar da wayar, an danna maɓalli, fanka na juyawa, fitilu shiru. Wani ya kawo ledar gugguru koriya ya ɗora a kan kwamfutar, irin wadda ake ɗora wa na'ura don ta yi ladabi. Wani ya ce ai wannan ranar lalacewarta ta wuce, shi ya sa, aka ruga aka sayo sabuwa. Gwaggo Pan ta durƙusa gaban Kaka tana jefa 'yan katakon tambaya, tana tambaya ko laifinta ne. Kaka ta ce e. Ta sake jefawa, ko za a canza magana.

Liao ya shigo jiƙe sharkaf, hular kwano a kai, jakar kayan aiki a kafaɗa. Malam Ko ya tare shi da fara'ar da ta fi zagi ciwo.

"A'a, ga babban injiniya! Sannu da zuwa. Kyautarka ce ta ɗan kwanta hutawa. Mutum ɗari nawa ne sunansu ke cikin duhu yanzu, ka san lissafin ai. Makunninmu na da, wanda ka binne da siminti, yana gaishe ka."

Liao bai kalle shi ba. Ya ce da ni, "Dirayarki."

Na kawo. Ya buɗe cikin kwamfutar ya yi ta hura mata zafi kamar mai gyaran amarya. Ya kashe, ya kunna. Shiru. Ya sake. Allon ya tsufa, dabarar da ta yi aiki a wancan zamani ta daina. Ya zauna a ƙasa dirshan, ya ciro tsohuwar kwamfutarsa ta hannu da wata waya mai ɗan baki kamar matsen shanya, ya maƙala ta a kan wani ɗan baƙin abu a jikin allon, wanda bai kai ƙwayar wake ba. Gyaran yana nan ajiye a wurinsa tun zamanin kamfani, bai taɓa samun wanda zai ba shi ba.

Na tsuguna kusa da shi. "In ya karkace fa?"

"Ya tafi."

"Sai kuma me?"

"Sai in fasa siminti. Sai yamma ke nan, ko gobe."

Kafin yamma kuwa, wa ya san abin da zai faru a asibiti? Matsen ya zame, ya sake maƙalawa. Na ga ya goge wata lamba ya rubuta wata. Na tambaye shi mece ce. Ya ce tsawon jiran ne. A kamfani, a kan jiran da bai kai ƙiftawar ido ba aka tura shi ɗaki mara taga. Yanzu allon ya tsufa, bai san yaya nauyin barcinsa ya zama ba, don haka ya ba shi lokaci mai yawa, ya kuma ce ya yi ta tambaya har sai an amsa. Wannan duka a jimla biyu ya faɗa mini, abin da ya ƙara tsorata ni.

Wani layi ya fara tafiya a fuskar kwamfutarsa, a hankali. Gwaggo Pan ta matso da kwanon dunƙule ta ce ya ɗan taɓa, don wanda bai ci ba shekararsa ba ta ƙaru ba. Ba wanda ya kula ta. Layin ya kai ƙarshe. Ya cire matsen, ya share tafinsa a wando, ya danna maɓalli.

Fanka ta juya. Fitilu ba su zo ba.

Muka tsaya. Ruwa na ɗiga daga rufi, tukunya na ɓararraka a baya. Wani ya yi tari. Malam Ko ya duba agogonsa yadda kowa zai gani, ya ce, "To, an gwada ilimi. Bari a zare a sake sokawa, haka nake yi wa talabijin ɗina." Ya miƙa hannu wajen soket.

Liao ya cafke wuyan hannunsa. Ban san yana da wannan ƙarfin ba, Malam Ko ma bai sani ba.

"A jira."

"Malam Liao, sake ni mana, ai ta mutu."

"Ba ta mutu ba. Ba ta farka ba ne. A jira."

Idonsa na kan hasumiyar hagu, layi na sama-sama, inda ramin Yaya yake. Ashe ya san wurin. Shekara da shekaru yana cewa ƙwan lantarki ne, ashe ko a duhu ya san wurin. Na ji hawaye ya zo mini, na yi ta jin haushinsa a kan hakan.

Sai kwamfutar ta yi ɗan ƙara guda, siriri. Layin ƙasa ya kama, na samansa ya bi, haske ya yi ta hawa har ƙololuwa. Mata suka ɗauki godiya ga Kaka. Mai gugguru ya ce ai ya faɗa, sabuwar leda ce. Malam Ko yana murza hannu ya ce dama shi bai taɓa shakka ba. Na juya in ga ko Liao zai tsaya ya raba musu gaskiya, kowa ya samu rabonsa. Har ya kai bakin babur.

Aikin tiyatar ya yi kyau, amma Yaya ta yi nauyin farkawa. Waɗanda aka shiga da su bayanta duk suka buɗe ido, ita tana kwance. Likita ya ce wasu haka suke, a jira. Liao ya zauna a kujerar roba a baranda, rigarsa ta bushe a jikinsa, bai tambayi nas sunan ko na'ura ɗaya ba. Sai washegari da hantsi ta motsa. Da aka cire mata robar baki aka bar mu muka shiga, ta dube ni, ta dubi 'yarta, sannan ta tsayar da ido a kansa. Muryarta kamar ta mai raɗa.

"Fitilata?"

Na runtse ido. Na san abin da ke tafe: Gwaggo Pan, tukunya, batir, mai rabon wuta, har da tsawon lokacin da ta yi a mace, ba ragi. Ga mace da sabon ɗinki a ƙirji.

"Tana ci," in ji shi.

"Ba ta mutu ba?"

"Ba ta mutu ba."

Kunnuwansa sun yi ja kamar an dafa. Yaya ta lumshe ido ta koma barci.

A makon nan mutumin da ya zaɓi ɗaki mara taga a kan ya faɗi ƙarya guda ya bi unguwa gida-gida yana ɗaukar mutane aikin ƙarya. Ya je wa Malam Ko da kwalin shayi mai tsada, ya sunkuya masa. Ya je wa Gwaggo Pan, ya yi ta ɗaga murya don ta ji, har layin gaba suka ji sirrin. Ni ma ya zo shagona ya sha madara kofi guda, ya ce ta yi daɗi. Na ce, "Mijin Yaya, a hankali, kada ka saba."

Bayan sabuwar shekara Yaya ta fara fitowa. Wata safiya ta zo shagona da sandarta ta zauna a teburin bakin ƙofa, inda ake hango hasumiyoyin. Liao yana can cikin haikali yana manna sabuwar takarda a jikin waya, wannan karon da manyan haruffa. Na kawo mata madara mai ɗumi ba sukari. Ta daɗe tana kallonsa.

"Su-chiao, fitilata ta mutu ranar, ko?"

Na hau goge teburin da na riga na goge. "Wa ya gaya miki wannan shirme?"

"Ba wanda ya gaya mini. Duk kun iya bakinku, har Gwaggo Pan, abin mamaki." Ta kurɓa. "Tun da na auri mutumin nan, in gaskiya zai faɗa sai abinci ya huce. Ranar kalma biyu ya yi."

Na zauna. Na ce ta dawo ai, da hannunsa ya dawo da ita, na fara ba ta labarin matsen da hannun Malam Ko. Ta ɗaga mini hannu.

"Ke ma kin koyi dogon bayani? Bar shi." Ta share ido da bayan hannu, tana 'yar dariya, tana dafe ƙirji don ɗinkin. "Kada ki kuskura ki gaya masa na sani. Ƙaryar nan ita kaɗai ya taɓa yi mini, ina so in riƙe abata."